Ƙuri'a ta zaɓe ko ta sa'a?

Kalmar ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, kuma can asalinta ba zaɓen shugabanni take nufi ba. Ita ce abin da ake yi in an rasa yadda za a raba abu: a jefa, wanda ta faɗa kansa ya ɗauka. Tun da na gano haka a ajinmu na nazarin harshe a Yamai, tambaya guda ke damuna. Mu a Geceme wace ƙuri'a muke kaɗawa, ta zaɓe ko ta sa'a?

Zaɓen kansiloli na ƙarshe an yi shi ran 13 ga Disamba 2020. Kafinsa sai na Janairun 2011, kusan shekara goma ke nan tsakani. Ni lokacin shekaruna 17, ban isa zaɓe ba, sai dai na raka innata. Da muka kamo hanyar gida na ce, "Inna, wa kika zaɓa?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, alama na sani, mutum ban sani ba."

Ba laifinta ba ne. A zaɓen kwamin, jerin sunayen da jam'iyya ta tsara ake kaɗa ma ƙuri'a. Ana raba kujeru gwargwadon abin da kowane jeri ya samu, waɗanda ke sama su ka fara shiga. Daga nan kansilolin su zauna su fidda magajin gari daga cikinsu. Ke nan wanda bai tambayi sunayen da ke bayan alama ba, ya ba da amanar kasuwa da rijiya da burtali ga mutumin da bai taɓa jin sunansa ba.

Sai batun rajista. A zaɓen 2020 hukumar CENI ta yi amfani da sabon kundi mai hoto da zanen yatsu, aka rubuta mutum fiye da miliyan 7 a faɗin Nijar. Amma shiga kundi na son takarda, takarda kuma na son suna ya zama guda. Nan ne karatuna ke shigowa. Sunayenmu da rubutun Faransanci ake rubuta su, kowane magatakarda da kunnensa. Garinmu kansa Guéchémé aka rubuta shi. Mace guda sai ka ga Haoua a wannan takarda, Hawa a waccan, Haouaou a ta uku. Ita ta san sunanta, amma ba ta iya karanta jerin da aka liƙa a bango balle ta ce a gyara.

Na san abin da wasunku za su ce. Tun 26 ga Yuli 2023 soja ke riƙe da mulki. A Afrilun 2024 an rusa majalisun kwamin, an naɗa masu riƙo. A Maris 2025 an rusa jam'iyyu. Wani abokina ya ce mini, "To mi za ni yi da kati, tunda ba a zaɓe?"

Amsata ita ce, tun ran gini ran zane. Takardar haihuwa ba ta zaɓe kaɗai ba ce: da ita ake zama jarrabawa, da ita ake yin katin ɗan ƙasa. In mun je hutu, mu ce a fiddo mana takardun gida mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da ita, a raka shi ya nema tun layi bai yi tsawo ba.

Sanin ɗan takara kuwa, ba lokacin da ya fi wanga. Yanzu babu kiɗa, babu rabon atamfa da sukari. Mu lura da wanda ke tsayawa in famfo ya lalace, da wanda ke shiga tsakani in manomi da makiyayi sun yi faɗa a Dallol Mauri, da wanda sai an buga gangar zaɓe ake ganin motarsa. Mu riƙe sunayensu, mu faɗa ma iyayenmu da Hausar da suke ji.

Da yawanmu mun haura shekara ashirin ba mu taɓa dangwala yatsa a tawada ba. Ranar da za mu fara, kada ta zama caca.