Garmahon Inna

Yau maganar tsohon kaya na kawo muku.

Ku 'yan makaranta watakila ba ku taɓa ganin garmaho ba. Akwati ne mai hannu a gefe. A yi masa wani kamar agogo, a aza faifai, a sauke allura, sai murya ta fito, ba lantarki ba batir. Namu na His Master's Voice ne, ƙirar Ingila, mai hoton kare a murfi. Marigayi Baba ya sayo wa Inna shi tun tana amarya. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ta da mutane fiye da 40,000, har da ƙauyenmu. Inna ta bar turminta da randunanta, amma garmahon nan a kanta ya iso Warra.

Bara idanunta suka dushe. Ran nan ta ce mini, "Ke, ɗauko akwatin nan in ji." Na kakkaɓe ƙura, na murɗa hannu sau uku, sai na ji ƙas! Hannu ya sake. Sifirin ya tsinke.

To, ina za a sami sifirin garmaho a zamanin nan? Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Yelwa. Cikin buhu ya buɗe gidan sifirin, domin ƙarfe ne mai kaifi a naɗe, in ya kubce yana iya yanke yatsa. Kada ki kuskura ki buɗe da kanki. Ya ce, "Hajiya, da kusa da baki ya karye, da na gasa shi na huda sabon rami. Amma wannan a tsakiya ne." Maƙeri kuwa ba ya iya ƙera irinsa. Sai dai a nemo mataccen garmaho a cire nasa.

Ɗana ya tafi Kano da guntun a aljihu, domin lalle faɗi da kauri su yi daidai. A wurin masu tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi ya dace da wani wanda gara ta cinye akwatinsa, amma injin lafiya lau. Saura kaɗan a liƙa masa wani mai ƙaton ƙaho na tagulla sai walƙiya yake yi. Ki yi hattara da irin waɗannan, da yawansu sabon haɗi ne na Indiya, ba tsofaffi ba ne.

Da aka sa sifirin, faifai ya juya, amma murya kamar zuma a cikin tulu. Ashe robar da ke riƙe da bakin kan allura ce ta bushe. Siririyar robar bawul ɗin keke daga wurin mai faci, ita ta raba gardama.

Saura allura, nan kuwa ni na yi ɓarna. Guda ɗaya na tarar cikin gwangwanin da a dā ke cin 200, na yi ta gwaji da ita a kan faifai guda, sau wajen goma. Ban sani ba ashe kowace allura fuska ɗaya take yi, in ta yi yawa biyu, sa'an nan a jefar. Watau faifan dā, mai juyi 78 a minti, da garin dutse aka cuɗa shi, domin shi ya ci allura. In bakinta ya ci, sai ta koma tana sassaƙarsa. Ina kallo baƙin faifai ya yi toka-toka, waƙar ta zama shuuu. Ta ɗinki kuwa ko kusa kada ki sa.

Har yanzu ana sayar da sababbi a Ingila da Amurka, ɗari-ɗari a ƙunshi. Jikata ta yi odarsu ta intanet.

Ran da suka iso, bayan la'asar, na shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida. Ta ji faifai biyu ba ta ce uffan ba, sai yatsunta ke motsi a kan zane. Sa'an nan ta ce, "Sa mini mai jan tambarin nan, wanda Malam ke so."

Shi ne wanda na kashe. Na ce mata magariba ta yi, sai gobe. Yau kwana tara ke nan ina cewa gobe.