Maganar Tawadar Araha Da Injin Buga Takarda Na Gida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridar nan taka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta, da akawuna, da malaman zaure, a kan wani abu da ya shigo gidajenmu da ofisoshinmu, ya na cin kuɗin mutane ba tare da sun san ta inda ya ke ci ba. Abin nan kuwa shi ne injin buga takarda na kan tebur, wanda yara ke kira firinta, musamman irin nan mai aiki da tawadar ruwa.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Watari, cikin ƙaramar hukumar Bagwai, kusa da Bichi. Na daɗe ina riƙe da irin wannan inji a ɗakina. Da shi na ke buga tambayoyin jarrabawa da takardun sakamakon yara. Ni ne kuma ke rubuta wa manoman rani na ƙauyenmu, masu shan ruwan madatsar Watari da aka gama a 1980, sunayen waɗanda suka biya kuɗin taki da waɗanda a ke bi. Ban da wannan, kowa ya sayi gona ko ya karɓi jingina, sai ya zo mini in buga masa takardar shaida. Abin da zan faɗa, a kan aikin nan na gan shi.

Da fari ya kamata a san yadda injin ke aiki, don wanda bai san abu ba ba ya iya kiwonsa. A cikinsa akwai wani kai da ke kai da kawowa bisa takarda. A ƙarƙashin kan nan akwai 'yan hudoji ɗaruruwa, kowace ba ta kai kaurin gashin mutum ba, ta nan tawada ke fesowa ɗigo ɗigo. Hanyar feso ta iri biyu ce. Kamfanin HP na Amurka da na Canon na Japan su na amfani da zafi: bayan kowace huda akwai ɗan ƙarfe da ke yin zafin da ya kai wajen digiri 300 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, tawadar ta tafasa ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo waje. HP ya fito da irin wannan a 1984, Canon kuwa a 1985. Kamfanin Epson shi kuma ya bi wata hanya tun 1993, watau wani ɗan abu mai lanƙwasawa in wutar lantarki ta taɓa shi, shi ke matso tawadar ba tare da zafi ba. To, kowace hanya aka bi, ran injin ya na ga hudojin nan. In sun toshe, sai ka ga rubutu da zane-zanen fari, ko launi guda ya ɓace ɗungum.

Masu yin injunan nan su na sayar da inji da sauƙi, su nemi ribarsu a wajen tawada. Ƙaramin kurtun tawadarsu, wanda 'yan kasuwa ke kira katirij, wani abin da ke cikinsa bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, amma in ka sayi biyu ko uku ka kusa biyan kuɗin wani injin. Shi ya sa waɗansu mutane suka shiga yin tawada ta daban, su na zuba ta a kwalabe da araha. Rigima kuwa ta daɗe tsakaninsu da kamfanonin. A 2016 waɗansu injunan HP suka wayi gari sun ƙi karɓar kurtun da ba na kamfanin ba, mutane suka yi ta kuka, har kamfanin ya ba da haƙuri. A 2017 kuma babbar kotun Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Lexmark, ta ce in ka sayar da kurtu ya zama na mai saye, ba ka da ikon kafa hujja da haƙƙin ƙirƙira ka hana wani ya sake cika shi ya sayar. Tun kafin wannan, a 2010, Epson ya fara sayar da inji mai tanki a ƙasar Indonesiya, wanda a ke ɗura wa tawada daga kwalba mai cin mililita 65 ko 70, sa'an nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Irinsa ne ya fi dacewa da mai buga takardu da yawa.

A nan ƙasarmu, tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da a ke kawowa daga waje ya yi tsada, har da takarda da tawada. Malamin da zai buga wa yara ɗari biyu jarrabawa da kuɗin aljihunsa, in ya je Kano ya ga kwalbar araha kusa da mai tsada, ba mai ganin laifinsa in ya ɗauki ta araha. Ni ma ita na ke saye don yawancin aikina. Ba na cikin masu cewa a guje ta ɗungurungum. Abin da na ke cewa shi ne a san aikin da za a ba ta.

Iyayenmu malamai sun riga mu sanin wannan. Tawadar da almajiri ke rubutu da ita a allo, ta gawayi ce da ƙaro, an yi ta don a wanke a sake wani rubutu. Amma in malami zai rubuta littafin da jikokinsa za su gada, sai ya nemi wadda aka dafa da bagaruwa da kashin maƙera, mai kama takarda. Ba wanda ya ce tawadar allo banza ce, ba kuwa mai hankalin da zai rubuta takardar gado da ita. Haka tawadar inji ta ke iri biyu. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke cikin ruwa kamar shuɗi, ita ce ta fi araha, ta fi kuma ƙyalli. Amma ruwa ya na kwashe ta, rana kuwa ta na koɗar da ita. Akwai mai gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ke zama a fuskar takarda, ita ta fi jure ruwa da rana, sai dai ta fi tsada, ta fi kuma saurin toshe huda in an bar inji a zaune.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙasarmu nan ta arewacin Kano cike ta ke da jama'a, gona ta na manne da gona, gado kuma ya na ƙara yanka su ƙanana. Taƙi ɗaya na ƙasa ya isa ya raba zumunci. Bara wani maƙwabcina ya kawo mini takardar jinginar gona da aka buga masa a wani shago shekara biyu da suka wuce. Ya ajiye ta a ɗaki, rufi ya yi yoyo cikin ruwan Agusta, ɗigo ya same ta. Sa hannun da aka yi da biro ya na nan raɗau, amma adadin kuɗin da sunayen maƙwabtan iyaka duk sun narke sun zama dabbare-dabbare. Mai gona ya ce kaza ya karɓa, mai jingina ya ce a'a, kaza ya bayar. Ɗaya daga cikin shaidu ya rasu, ɗayan ya tafi cin rani. Sai da dagaci da dattawa suka zauna sau uku kafin aka sasanta, har yau kuwa gaisuwar mutanen nan biyu ba ta koma yadda ta ke da ba. Abin da aka tsimi a tawadar shafi guda bai kai kuɗin goro ɗaya ba. Lalle araha ba ta ado.

Saboda haka ga yadda na raba aikina. Tambayoyin jarrabawa, da sanarwar taro, da duk takardar da ranta mako guda ne, tawadar araha ta ishe su. Amma takardar ciniki, da jingina, da rabon gado, da rasidin ƙungiya, in na shirya su sai in kai Bichi a buga da injin leza, ko a yi musu hoto da injin kwafi. Waɗannan ba ruwa a cikin tawadarsu, gari ne a ke narkawa da zafi ya manne, ruwa ba ya kwashe shi. A yi kwafi uku, ɗaya ya zauna wajen dagaci, a rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi.

Wanda ke son ya san irin tawadar da aka sayar masa, gwajin ba wuya. Ya buga shafi guda, ya bari ya bushe, ya ɗiga masa ruwa ya gani. Sa'an nan ya buga wani ya raba biyu, rabi ya sa cikin littafi, rabi ya liƙa inda rana ke bugawa, bayan mako biyu ya haɗa su ya duba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. A kuma rarrabe tsakanin tawadar araha mai ɗauke da sunan mai yin ta, da jabu wadda aka sa wa rigar babban kamfani. Ta farko ta faɗa maka ko ita wace ce. Ta biyu kuwa ta karɓi kuɗin mai tsada ta ba ka abin da ba ka sani ba. A duba hatimin baki da kwanan watan lalacewa. A kuma sani, in sabon inji ya lalace saboda tawadar da ba tasu ba, kamfanoni ba su ɗaukar gyaransa kyauta.

Game da kiwon injin kansa, babban abokin gabansa a nan shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta na bushewa ƙwarai, har leɓe ya tsage. Abin da ya tsaga leɓe kuwa ba zai bar ɗigon tawada a bakin huda ba. Sa'an nan bazara ta biyo da zafin da ke haura digiri 40. Maganin wannan shi ne kada inji ya yi mako guda bai buga kome ba. Ko lokacin hutu ne, a buga shafi ɗaya mai baƙi da shuɗi da ja da rawaya, don kowace huda ta motsa. A riƙa rufe shi da ƙyalle mai kauri saboda ƙura, a nisanta shi da taga, a kuma riƙa leƙa cikinsa, don zanzaro da kyankyaso su na son irin wannan maɓoya.

Na biyu, a kashe shi ta maɓallinsa, kada a fizge waya daga bango. In an kashe shi ta maɓalli, kan nan ya na komawa gefe ya zauna bisa wani marfin roba da ke tsare shi daga iska. In wuta ta ɗauke ya na tsakiyar aiki, kan ya tsaya a buɗe, to da ta dawo a kunna shi ya koma mazauninsa. Mai janareto kuma ya cire wayar inji kafin ya tayar, sai wuta ta daidaita ya mayar.

Na uku, kada a bari tawada ta ƙare ƙaf. A inji mai zafi, tawadar ce ke sanyaya ƙarfen nan, in ya yi aiki a bushe sai ya ƙone, ƙonannen kai kuwa ba ya gyaruwa. A mai tanki, in ta sauka ƙasa da layin da aka zana, iska ta shiga bututu. Kada kuma a gauraya iri biyu a tanki guda, don wani lokaci su kan guda kamar kunun da aka dama da gaggawa. In ka sami wadda ta yi maka kyau, ka tsaya a kanta, ka tabbata kuma an yi ta don irin injinka, tun da ta mai zafi daban ce da ta marar zafi. Na ga masu ƙara wa tawada ruwan rijiya don ta auka, na ga masu goge kai da kananzir. Duka biyun kashe inji ne. In za a goge, a jiƙa ƙyalle marar gashi da tataccen ruwa, a dangwala a hankali.

Na huɗu, wankin kai da inji ke yi da kansa ba kyauta ba ne, da tawadarka ya ke yinsa. In rubutu ya fara zane, a buga shafin gwaji, a yi wankin sau biyu ko uku. In bai buɗe ba, a bar shi ya kwana, sau da yawa busasshiyar tawada ta kan jiƙa da kanta. Duk abin da wanki ya zuƙe ya na gangarawa cikin wani soso a ƙasan inji, inji kuma ya na ƙirgawa, in ya ga soson ya cika sai ya tsaya cik. Mai gyara ya na iya goge lissafin nan inji ya tashi, amma in bai sake soson ko ya wanke shi ba, wata rana sai ka iske tawada ta malale a kan teburinka da littattafanka. Ka tsaya a kansa ka ga ya yi duka biyu.

Da damina kuma takarda ce ke shan raɓa, ta manne da juna, inji ya ja biyu biyu. A bar rim cikin ledarsa, a ɗebi abin da za a buga kaɗai.

Ina roƙon 'yan'uwa na Katsina da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, da masu sana'ar gyaran injunan nan a Kano, su rubuto mana abin da suka gani, ko akwai wata tawada mai gari da talaka zai iya saye, don mu ƙaru da juna. Ina kuma roƙon dagatai da masu unguwanni, duk takardar gona da aka kawo musu su sa hannu, su tambaya da wane irin inji aka buga ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wasalam.

Ni ne naka,
Malamin Makaranta,
Watari, Bagwai.