Abin da Bokanyar Dalfi Ba Ta Faɗa Ba

Na daɗe ina koyar da wasan Sarki Odifus na Sofokilis, kuma kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mene ne laifinsa, tunda tun kafin a haife shi aka rubuta?" A da nakan yi murmushi in wuce. Tun rasuwar ƙanena bara, tambayar ta daina ba ni dariya.

Wasan ya haura shekara 2,400, amma ƙashin labarin bai tsufa ba. Bokanyar Dalfi ta shaida wa Odifus cewa zai kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa. Ya gudu daga Korinti don ya tsira, bai san iyayen riƙo ya baro ba, gudun kuma ya kai shi ga abin da yake gudu. A mararrabar hanya uku ya yi faɗa da wani dattijo a kan wa zai kauce, ya kashe shi. Dattijon nan Layus ne, ubansa.

Abin da ɗalibaina kan manta shi ne, duk wannan ya riga ya auku kafin wasan ya fara. Abin da muke kallo bincike ne. Annoba ta faɗa wa birnin Tibis, aka ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe Layus. Makaho Tiresiyas ya so ya yi shiru, Jokasta ta roƙi mijinta ya bar tone-tone, makiyayin da ya san asirin sai da aka tsorata shi ya yi magana. Odifus ya ƙi tsayawa. Bokanya ta faɗi kisan, ta faɗi auren, amma ba ta ce zai bincika ba. Wannan nasa ne, kuma a nan nake ganin girmansa.

Ƙanena ya rasu a motar haya. Taya ta fashe, direban kuma, kamar yadda waɗanda suka tsira suka faɗa, ya kwana yana tuƙi. A zaman makoki na fara tambayar wa ya bar motar ta tashi, sai kawuna ya dafa ni ya ce, "Dokta, bar maganar nan, ƙaddara ta riga fata." Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ban kuma taɓa shakkar cewa kwanan yaron nan ne ya ƙare ba. Sai dai Sayyidina Umar ma ya yi imani da ita fiye da ni, amma da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa. Duk da haka na yi shiru, don kada a ce boko ya ɓata ni.

Makon jiya na bi ta tashar. Direban ya warke, an ba shi wata mota, ana lodi. Na tsaya ina kallon tayoyin har wata mata mai goyo ta shiga ta zauna a baya, ban ce komai ba.