Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashenki A Kan Dikoda

 A wannan fitowar zan ɗan ajiye zancen soyayya in taɓo wani abu da ya shiga lissafin kayan ɗaki ya zauna daram, wato dish da dikoda. Yau ko gadon amarya ba a gama haɗawa ba za ki ji ana tambayar wace dikoda aka sa mata, kuma sau da yawa kuɗin nan na adashen uwa ne, ko ɗan abin da yarinya ta tara da kitso da lalle. Abin da yake ba ni haushi, mu mata mu muka fi zama gaban akwatin, amma in an zo saye sai a tura ƙani kasuwa, duk abin da ya ɗauko shi ke nan.

Ni dai ma'abociyar kallo ce, kuma ina cikin masu sha'awar laluben tashoshi da kansu, don haka duk wadda ta zo neman shawara tambayata ta farko ita ce, me kike son kallo? Dikoda iri biyu ce. Akwai ta kamfani wadda ake biya duk wata, irin DStv ta kamfanin MultiChoice da ta fara a 1995, ko StarTimes ta mutanen Sin da ta shigo Nijeriya a 2010. Ranar da kuɗinki ya ƙare yawancin tashoshin sai su rufe. Akwai kuma ta kyauta, wadda da zarar kin saya an saita miki dish to kin gama biya. Da irinta ake kama Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da tashoshin Larabawa na taurarin Nilesat da Arabsat, har da masu nuna Harami kai tsaye daga Makka da Madina.

In ta kyautar kika zaɓa, to ki juya kwalin ki karanta da idonki. Ki nemi inda aka rubuta DVB-S2 da MPEG-4 ko H.264. Tsarin DVB-S2 ya fito ne a 2005, kuma tashoshi masu hoto garau da yawa a kansa suke, saboda haka tsohuwar dikoda mai DVB-S kawai ba za ta gan su ba, ko da mai saiti ya wuni a kan rufin ɗaki. Ki tambaya ko tana iya lalubo tashoshi da kanta, kuma ko tana da lambar kulle tasha, domin ba duk abin da ke yawo a sararin sama ne ya dace da idon ƙannenki ba. Shi ma dish ɗin ki sani ƙarami mai faɗin santimita 60 zuwa 90 ya fi araha, sai dai in hadari ya haɗu ruwa ya kece hoton kan ɗauke. Babban nan mai kama da faifan ƙarfe ya fi jure damina, amma yana son fili da kuɗi.

To sai maganar gwanjon intanet, wanda 'yan mata suka fara leƙawa ta waya. Mafi shahara shi ne eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995. Sai ki ga dikoda fes an rubuta dala 10 a ƙarƙashinta, zuciya ta buga, ki ce wallahi an samu banza. 'Yar uwa, wannan kuɗin buɗe ciniki ne kawai. Yadda abin yake, ke za ki rubuta iyakar abin da za ki iya biya a ɓoye, kwamfuta ta riƙa taya miki kaɗan kaɗan. Misali kin sa dala 40, wata ta tsaya a 30, to ke kika ci kuma dala 31 za ki biya. Shi ya sa farashi kan kwanta shiru kwana da kwanaki, sai a daƙiƙun ƙarshe ya yi tashin gwauron zabo, don gwanaye sai lokacin suke shigowa. Wani mai kayan ma yakan ɓoye mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama, in tayi bai kai nan ba, albarka ke nan. In kina son sanin darajar kaya, ki duba nawa aka sayar da irinsa a baya, kada ki tsaya a kan abin da mai shi ya yanka.

Akwai kuma ha'incin da muka sani tun a kasuwar dabbobi, mai kaya ya sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a zuga ki. Malamai suna kiran wannan najashi, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Maganinsa ɗaya ne, ki yanke iyakarki tun kafin ki shiga, in an wuce ta ki kama gabanki. Gwanjo da kishi yake aiki, mu kuwa kin san halinmu in aka ce wata za ta ƙwace mana abu.

Wata ƙawata mijinta ya ci gwanjon wata dikoda daga Amurka, aka yi ta murna a gidan. Da aka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala sai ta fi sabuwa tsada, sannan da ta iso aka tarar ta wani kamfanin can ce, a kulle take, taurarinsa ma ba sa haska ƙasarmu. Ga wutar can bolt 120 ce, tamu 230. Yanzu haka tana saman kabet an ɗora mata kwalbar turaren wuta, kuma an yi sati biyu ba a ga fara'ar maigida ba.

Ni shawarata, ki yi amfani da intanet ki san farashi da sunan abin da kike so, sannan ki ɗauki yayanki ku shiga kasuwar Sabon Gari ko wadda ke kusa da ku, a jona dikodar a gabanki ki ga hoto, a ba ki rasit. In kuma gwanjon kika fi so, ki haɗa lissafi har zuwa ƙofar gidanku kafin ki taya. Kuɗin adashe da gumi aka tara shi, kuma wadda ta san abin da take saye ba a raina mata wayo ko a shago ko a gidan miji.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, Ya sa albarka a abin da muka samu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.