Dattijon Ambert da maƙerin keke

A wani ƙauye kusa da garin Ambert, cikin duwatsun tsakiyar ƙasar Faransa, akwai wani dattijo da ya yi shekara 34 yana aikin duba layin dogo. Aikinsa shi ne ya bi ƙarfe yana neman tsagar da ido bai gani, kafin jirgi ya riga shi samunta. Da ya ajiye aiki a shekarar 2021, sai ya shaida wa uwargidansa cewa zai taɓa ajiyarsu ya sa a ƙera masa keke daidai jikinsa.

Ta tambaye shi ko nawa ne. Ya ce gangar jikin keken kawai, ban da taya da sarƙa da birki, za ta ci wajen Yuro 4000, wato sama da miliyan 2 da jika 600 na sefa.

Ta ce: “Maigida, kekuna uku ke jingine a zaure.”

Ya ce: “Duk ukun na wani mutum ne mai shekara 40, wanda bayansa bai taɓa ciwo ba.”

Gaskiya ya faɗa. Likita ya hana shi doguwar sunkuya, motoci kuma sun kore shi daga kwalta, har ya koma bin hanyoyin burji na cikin daji, inda sai masu yankan katako ke wucewa. Irin wannan hanya tana da kekenta: kansa lanƙwasasshe kamar na tsere, tayarsa mai faɗi, gangar jikinsa mai ɗan tsawo domin kada ya yi rawa bisa tsakuwa. Amurkawa ne suka yayata shi. A 2006 mutum 34 suka tashi daga garin Emporia na jahar Kansas don tseren kilomita 320 bisa burji, wanda daga baya aka raɗa wa suna Unbound Gravel, kuma a 2022 aka yi gasar duniya ta farko a ƙasar Italiya.

Zancen titaniyom kuwa tsohon ƙulli ne a zuciyarsa. A 1973, yana ɗan shekara 11, mahaifinsa ya kai shi dutsen Puy de Dôme kallon tseren zagayen Faransa, ya ga Luis Ocaña ya riga kowa isa ƙololuwa. A wannan shekara aka yi ta labarin cewa Ocaña na hawan keken wani sabon ƙarfe, ƙirar kamfanin Speedwell na Ingila, a wasu ranakun hawan dutse. Yaro ya riƙe sunan ƙarfen, ya yi kusan shekara 50 bai sake shi ba.

Ƙarfe ne mai halin kansa. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba, ba ya tsatsa, ba ya neman fenti, in ya yi datti a wanke, in ya ƙarje a goge. Wanda aka fi yin keke da shi gauraye ne, kashi 3 cikin 100 alminiyom, kashi 2 da rabi banadiyom, irin bututun da ake sa wa jiragen sama. Amma wurin walda yake nuna rashin haƙuri. Da zarar ya yi zafi ƙwarai sai ya shiga shan iskar da ke kewaye da shi, kuma duk inda ya sha ta, wurin ya zama mai ƙarfi marar danƙo, mai jiran ranar tsagewa. Saboda haka mai walda ke lulluɓe wutarsa da iskar argon. Ta waje kowa na yi, domin launi zai tona shi: waldar da ta fito fara kamar azurfa ta yi kyau, mai ruwan kara ana karɓa, shuɗiya abar tuhuma ce, mai ruwan toka kuwa ta lalace. To, akwai kuma cikin bututu. Nan ma sai an toshe, an cika da argon, an jira iska ta fita sarai kafin a kunna wuta. Wannan na cin lokaci, yana cin kuɗɗi, kuma in an rufe bututu ba mai sake ganinsa. Launin wajen ma, buroshi na iya share shi.

Nan dattijo ya tsaya, domin ya san wannan magana tun daga layin dogo. Tsaga ba ta sallama. Takan yi shekaru tana tafiya a ɓoye, ranar da ta bayyana kuwa mutum na iya kasancewa yana gangaren dutse. Ashe abin da zai biya miliyoyi a kansa wani aiki ne da za a yi ba ya nan, a wurin da ba zai taɓa leƙawa ba.

Ya fara da manyan sunaye, kamar kowa. Moots na garin Steamboat Springs a Kolorado sun koma aikin titaniyom tun 1991, Seven Cycles na Masacuset suna ƙera wa kowa daidai awonsa tun 1997, a Italiya kuma ga Passoni. Ba shi da abin faɗa a kan aikinsu. Sai dai tsakaninsa da Amurka akwai teku, da kuɗɗin jirgi, da na duwan, kuma duk ɗan kasuwa ya san yadda kaya ke tsada in za a mayar da su inda suka fito. Ya lura kuma da cewa suna na iya zama, hannu ya tashi. Iyalan Lynskey na Tenesi, waɗanda suka kafa Litespeed, sun sayar da shi a 1999, sannan suka dawo a 2006 da sunan gidansu. Tun daga nan, in ya ga an rubuta lamuni na har ƙarshen rayuwa, sai ya tambayi kansa: rayuwar wa? Tasa, ko ta keken, ko ta kamfanin?

Wani kamfani na nan Turai ya yi masa farashi kusan rabi. Ya cika takardar awo ta intanet, tsawonsa da tsawon ƙafa da na hannu, kwana biyu sai ga zane ya iso, duk abin da ya nema an sa. Ya buga waya ya tambayi sunan wanda zai yi waldar. Aka yi ɗan jim, aka ce masa a ƙasar Sin ake haɗawa. Wannan ba aibi ba ne, domin Sin na da gwanayen wannan ƙarfe, garin Baoji ma da shi aka san shi. Abin da ya hana shi barci daban ne: ya nemi kan keken ya yi ƙasa kamar na samartakarsa, ya kuma rubuta musu zancen bayansa a takarda guda, amma ba wanda ya ce masa uffan. Telan da ba ya musu da mai riga, ranar salla ake gane shi.

Na ƙarshe wani maƙeri ne shi kaɗai, wanda ya taɓa ganin aikinsa a 2016, lokacin da aka farfaɗo da gasar maƙeran kekuna a Ambert. Tafiyar rabin yini ce a mota. Maƙerin ya ce ya zo da keken da ya fi hawa, da takalmansa. Da ya isa ba a ɗauko ma'auni ba tukuna. Mutumin ya duba gefen da sirdi ya fi cinyewa, ya duba inda ƙyallen kan keke ya koɗe, sannan ya hau nasa keken ya bi shi a baya har wajen awa guda, bai ce komai ba.

Da suka dawo, dattijo ya miƙa masa zanen da ya zo da shi. Maƙerin ya duba, ya mayar masa.

“Dattijo, wannan ba zan ƙera maka shi ba. Hannunka bai sauka ƙasan kan keke ko sau ɗaya ba yau. In na yi maka yadda kake so, wata uku za ka jingine shi kusa da sauran.”

Ransa ya ɓaci, domin ba mai son a ƙirga masa shekaru a bainar ƙarfe. Amma ya daure, ya yi tambayar da ta kawo shi. Maƙerin ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur, cike da guntayen bututu da aka haɗa aka kuma tsaga biyu da zarto. Ya ce kafin ya taɓa keken kowa yakan yi gwaji ya yanka ya duba. Cikinsu fari fat. A ƙasan akwatin akwai guda biyu shuɗaye, bai ɓoye su ba, ya ce na ranar da bututun argon ya yi yoyo ne. Dattijo ya tambaye shi ko kekensa ya taɓa tsagewa. Ya ce ƙwarai, ya gyara kuma bai karɓi ko sisi ba. Ya tambaye shi in ya mutu fa. Ya yi dariya, ya ce to sai a nemi wani maƙerin, shi lamuninsa iyakar ransa ne.

Ya biya kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, aka yi masa alkawarin wata 8. Wata 8 ya cika ba keke. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai ta riƙa tambayarsa kwanan wata. Shi kansa ya kwana yana lissafi, domin mutum ɗaya ne, in ya karye ko ya rufe maƙera, kuɗɗi sun bi ruwa. Maƙerin ne ya fara kira, ya ce bututun baya bai iso ba, kuma ba zai sa wani a madadinsa ba, in dattijo na son kuɗɗinsa a mayar masa cikin mako. Ya ce a bar su.

A wata na 11, cikin 2023, ya tafi ya ɗauko shi. Ba fenti, launin toka mai ɗan haske, kan ya fi na zanensa tsawo da santimita 3, tsakanin ƙafafun baya kuma taya mai faɗin milimita 45 na shiga har da sauran wuri don laka. Cikin kwalin akwai guntun bututu tsagagge, an rubuta kwanan wata a jikinsa da alƙalami. Uwargida ta juya shi a hannu, ta tambayi ko wannan ma cikin kuɗɗin yake. Ya ce e. Ta ɗora shi bisa takardun lantarki da na ruwa domin kada iska ta kwashe su, shi kuwa ya fita neman famfon taya.