Telan Nima da Rigar 2050

A unguwar Nima, ɗaya daga cikin zangunan birnin Accra inda Hausa ke bakin kowa, akwai wani dattijon tela da ya haura shekara arba'in yana taka keke. Ranar da jikarsa ta gaya masa cewa matasa sun kira zaman teloli da 'yan gwanjo don a ƙirƙiro irin tufafin da za a sa a 2050, sai ya ce gobe ta Allah ce, kuma shi bai je wurin ɗan duba da ƙuruciya ba, balle yanzu da furfura. Ta ce, "Kaka, ba duba ba ne. In ka ɗinka wa yaro rigar salla, ai kakan kalmashe ƙasanta da yawa saboda baɗi zai ƙara tsawo." Wannan magana ce ta fitar da shi daga shago.

A Turai da Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce hasashen yayi, suna sayar wa masana'antu labarin launin da zai yi kasuwa shekara biyu gaba. Zaman da aka kai dattijon ya bi wata hanya dabam. Waɗanda tufafin ke ratsa hannunsu ne ake tarawa, a jefa musu tambaya mai farawa da "da a ce", sannan a ba su almakashi da zare su ɗinka amsar. Abin da aka riƙe a hannu ya fi daɗin gardama a kan abin da aka faɗa da baki.

Tambayar kuwa tana da nauyi a Accra. Ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari a bola suke ƙarewa, wasu su toshe magudanan ruwa, wasu su cukuikuye a bakin teku. Dila guda takan kai kilo 55, kuma a ka mata ke ɗaukarta, galibinsu 'yan arewacin Gana. Sunansu ma, kayayei, rabinsa Hausa ne: "kaya" haɗe da kalmar harshen Ga mai nufin mata. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar.

Samari suka kawo riguna na ban mamaki da suka harhaɗa daga tsofaffin wanduna, aka yi musu tafi. Amma wurin bai yi tsit ba sai da wata mai dako ta ce ita kam ba riga take hange ba, dila take hange wadda ba za ta karya wuyan 'yarta ba. Wani ɗan gwanjo ya ƙara da cewa a rubuta abin da ke ciki a jikin dila, domin sayenta a ɗaure caca ce.

Dattijon bai ce uffan ba. Babbar rigar mahaifinsa ta saƙi ce ta faɗo masa a rai, wadda aka haɗa da siraran ƙyallaye, in ɗaya ya mutu a warware shi a sa wani. Ya roƙi tarin rigunan da ba su sayu ba, ya tsaga su faɗin yatsu huɗu, ya jera su kamar yadda masaƙa ke yi, ya bar ɗinkin yadda kowane tela zai iya kwance shi. Kwana uku aikin ya ci.

A nan gardama ta tashi, kuma masu sukar suna da gaskiyarsu. Wa zai biya ladan kwana uku alhali rigar gwanjo ba ta wuce 'yan sidi kaɗan ba? Aka ambaci Faransa, inda doka ta wajabta wa kamfanoni biyan wani abu a kan kowace tufa don kula da ita bayan ta tsufa, sai dai ba a Nima ake raba wannan kuɗi ba. Shi ma hotunan da aka yi ta ɗauka ba su kwanta masa a rai ba, don bai san a shagon wa dabararsa za ta ɓulla ba.

Ya koma da rigarsa, ya rataye ta bisa keke. Mutum biyu sun taya, bai sallama ba, yana cewa har yanzu bai gama lissafin kuɗinta ba.