Ranar da Baki Ya Kasa Addu'a

A wani ƙauye na ƙasar Jos, a zamanin Yaƙi da Jahilci, an yi wata mace Kirista mai ƙwazon aiki, amma ba ta son shiga taro. Kowane mako matan ƙauyen su kan taru a majami'a da la'asar su yi addu'a tare. In sun biyo mata, sai ta ce, “Ku je abinku. Allah yana ji ko daga ƙuryar ɗaki.” Ba wanda ya musa mata, gama maganarta gaskiya ce.

Wannan taro da ta ke gudu shi ne a ke kira Zumuntar Mata. An ce a Miyango, kusa da Jos, aka fara shi cikin 1930, sa'ad da wata mace ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, mata suka haɗa kuɗi suka sayi keke don kai marasa lafiya wurin magani. Daga nan ya bazu cikin ikilisiyoyin Arewa. Yadda a ke yinsa ba wuya. Su kan fara da waƙa, suna kaɗa tulu da caki. Sa'an nan wadda ta iya karatu ta karanta musu wani wuri daga Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga dukansa da Hausa cikin 1932. Kāna kowace ta faɗi abin da ya dame ta, ko ciwo, ko bashi, ko ɗan da ya tafi haƙar kuza bai aiko ba, a roƙi Allah a kansa, sauran su amsa da amin.

Kirista ba yau suka fara wannan al'ada ba. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 12, ya ba da labarin yadda aka kulle Bitrus a kurkuku, masu bi suka taru da dare a gidan wata mace mai suna Maryamu suna yi masa addu'a. Suna kuma riƙe da alkawarin da ke cikin Matiyu, sura ta 18, cewa Almasihu yana tare da masu taruwa da sunansa, kome ƙanƙantar taron.

To, ana nan, wata damina mijin matar nan ya kwanta ciwo, kwana shida ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gonar acca ba a yanka ba. Da 'yan gaisuwa suka watse, ta shiga ɗaki ta durƙusa yadda ta saba, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Haka ta yi kwana da kwanaki, har tsoro ya kama ta, tana tsammani Allah ya juya mata baya.

Ran nan da la'asar sai ga matan Zumunta sun yi sallama, suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ta dubi Uwar Zumunta, ta ce, “Mama, kada ku wahal da kanku. Bakina ya mutu, ba na iya addu'a.” Tsohuwar ta ce, “'Yata, ai shi ya kawo mu. Ke dai zauna. Mu za mu yi, ke ki ji.” Suka yi ta roƙo, suna ambaton sunanta da na 'ya'yanta ɗaya ɗaya. Ita kuwa hawaye kaɗai ta ke yi. Mako na uku aka ji ta ce amin.

Ba su tsaya ga addu'a kaɗai ba, gama wanda ya ji kukan ɗan'uwansa da kunnensa, da wuya ya koma gida ya naɗe hannu. Da acca ta nuna, suka turo mazansu da lauje, su kuma suka yi sussuka, aka zuba a rumbu. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matar nan ba ta daina addu'a a ɗakinta ba, amma ba ta ƙara fashin taro ba. Da rani ta shiga ajin manya, ta koyi karatu, don in an je gidan wata wadda bakinta ya kasa, ita ma ta sami abin da za ta karanta mata.